Zoben farin gwal ɗina ya fara komawa ruwan ɗorawa, wa ta taɓa gani?

Amaryar Bara:
Salamu alaikum 'yan uwa. Zoben da aka sako min a lefe farin gwal ne, daga Dubai aka sayo, akwai tambarin 750 a cikinsa. Ko shekara bai rufa ba, ƙasansa, wajen da ke gogar tafin hannu, ya fara yin ruwan ɗorawa, saman kuwa fes. Wallahi raina ya ɓaci, har na fara zargin ko jabu aka sayar wa maigidan.

Maman Hanif:
Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba jabu ba ne. Haka nawa ya yi, na kai wa mai wankin gwal a Sabon Gari ina ta faɗa, ya zaunar da ni ya yi min bayani. Wannan 750 ɗin karat 18 ke nan, kashi 75 cikin 100 zinari ne, sauran fararen ƙarafa ne aka gauraya, irin su nikel ko faladiyam. Duk da haka ba ya fari tas, sai an yi masa rufi da wani ƙarfe mai suna rodiyam. Rufin siriri ne ƙwarai, shi ne ke cinyewa, launin asali ya leƙo. Ba datti ba ne, don haka wanki ba ya mayar da shi. Sabon rufi aka yi wa nawa, ya dawo kamar ranar da aka sayo.

Hajiya Yaya:
Ni kam garin neman gira na rasa ido. Toka na sa wa awarwarona, na bi da man goge baki, na dirje sosai. Duk ya kakkarce, ɗan sauran farin ma ya tafi. Yanzu ruwan ɗumi kawai, ɗigon sabulun wanke-wanke da buroshin yara mai laushi, in tsane da ƙyalle.

Ummu Sultan:
Ki riƙa cirewa in za ki yi wanki, musamman da bilic, yana cin ƙarafan da ke cikin gwal ɗin. Kuma sai kin gama shafa mai da humra, sun bushe, sannan ki sa. Sarƙata da 'yan kunne shekara huɗu ba su canza ba, zoben ne kawai ke shan wahala.

Anti Nurse:
Ni da rufin ya goge, yatsana ya fara ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje. Ashe nikel ne jikina ba ya so.

Maman Hanif:
Af, na manta. In kin kai, ki sa a auna miki shi a gabanki kafin da bayan aiki.

Amaryar Bara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Asabar zan kai. Maman Hanif, jira kika yi aka gama, ko sai da ya kwana a wajensu?