Patent troll da Hausa: dodon gada ko kaska?

Jama'a a taimaka min, tun jiya nake fassara wani labari da zan karanta a shirin rediyo na maƙale a kalma ɗaya, patent troll. Kamfani ne da ba ya ƙera komai, ko allura, sai dai ya tara takardun haƙƙin ƙirƙira, yawanci ma sayo su yake da arha, ya zuba a durowa ya zauna, ranar da wani babban kamfanin fasaha ya fito da abin da ya yi kama da rubutun takardar sai lauyoyinsa su garzaya kotu. Misali, wani kamfani mai suna NTP ba shi da waya ko ɗaya a kasuwa amma ya shaƙe masu ƙera wayar BlackBerry har ana maganar rufe sabis ɗinsu a Amurka, a 2006 suka biya dala miliyan 612.5 kafin su samu lafiya. Me za mu kira irin wannan?

— Yaya, troll ai dodo ne na tatsuniyar mutanen Norway, mai zama ƙarƙashin gada yana tare masu wucewa. A ce dodon gada kawai.

— Na gwada shi a baki ƙanena, yana da daɗi, amma Bahaushe in ya ji dodon gada aljanin ruwa zai kawo, kuma dodo cinye mutum yake, wannan kuwa so yake ka rayu ka ci gaba da biya.

— Ɗan fashi da alƙalami fa?

— Wannan kam ba zan faɗa a rediyo ba, tunda doka ce ta ba su ƙofa. Tsohon lauyan kamfanin Intel, Peter Detkin, da ya yaɗa kalmar, shi ma sai da aka kai su ƙarar ɓata suna kan kiran wasu da sunan masu ƙwace kafin ya koma troll.

— 'Yata, ku daina bin tatsuniyar wasu, ku leƙa ruga. Kaska. Kaska raɓi mai jini. Na yi kiwo ina yaro, za ka ɗaga kunnen saniya ka gan ta siririya kamar ƙwayar riɗi, bayan kwana kaɗan ta kumbura ta yi sumul kamar wake, ba ta yi noma ba ba ta ja garma ba, kuma bisa mai ƙiba take nema.

— Allah ya ƙara sani Malam, wallahi ta zauna. Har ma da wurin da kaskar ta fi yawa, don shekaru da dama ƙararrakin nan a wani ɗan gari Marshall da ke gabashin Texas ake jibge su, har Samsung, da ake yawan kai ƙararsa can, ya riƙa ɗaukar nauyin filin wasan ƙanƙara a tsakiyar garin. A 2017 kotun ƙolin Amurka a shari'ar TC Heartland ta taƙaita inda za a kai ƙara, a 2019 kuwa Apple ya rufe shagunansa biyu na Plano da Frisco da ke yankin kotun gabashin Texas ɗin, kamar makiyayi ya kwashe garke daga makiyayar da ta yi kaska.

Abu ɗaya dai, kar a liƙa sunan ga mai ƙirƙira na gaskiya da babban kamfani ya kwashi aikinsa ya tafi kotu neman haƙƙinsa, wannan guminsa yake bi, kuma raina yana ɓaci in na ga an haɗa su.

To a shirin gobe zan ce kaskar haƙƙin ƙirƙira a karon farko, daga nan sai kamfanin kaska.