Gara ta cinye mini Phantom ɗin Baba, ina ake samun sabon bugu?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan girbi na shiga gyaran ɗakin marigayi Baba a ƙauyenmu, gefen Ringim. Ina janyo akwatin katakonsa daga ƙarƙashin gado sai gindin ya zube, ashe gara ta riga ni. Littattafan zane goma sha huɗu ne a ciki, na Phantom, jarumin nan mai rufe idanu da zoben ƙoƙon kai. Uku kawai suka tsira, su ma gefensu kamar an yi wa ganyen zogale tsinke. Wani malamin lissafi Ba'indiye ne ya bar wa Baba su lokacin yana sakandare, an rubuta Indrajal Comics a bangonsu. Baba kan karanta mana da fitilar ƙwai yana fassarawa, in ya zo wurin naushi sai ya dunƙule hannu ya ɗora wa ƙanena a kumatu wai ya sa masa tambarin zoben. Na ji an ce ana tattara tsofaffin ana sake bugawa. Gaskiya ne? Ni daga farkon labarin nake so, don namu daga tsakiya suka soma.

Malamin Firamare, Ɗambatta:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya ne, amma asalin abin ba littafi ba ne. A jaridun Amurka ya fara fitowa, ɗan layi guda kullum, tun 17 ga Fabrairu 1936. Lee Falk ke rubutawa, Ray Moore na zanawa. Ya girmi Superman da shekara biyu, Batman da uku. Mai launi na ranar Lahadi sai 1939. Indrajal ɗin da ke hannunka a Indiya aka riƙa buga su daga 1964, tsintowa suke yi ba bisa jeri ba, shi ya sa ba ka ga farkon ba.

Abin da kake nema kamfanin Hermes Press na Amurka ya yi shi. Sun jera na kullum bi da bi cikin manyan littattafai masu bango mai tauri, na farko ya ƙunshi 1936 zuwa 1937. Baƙi da fari ne fa, kar ka buɗe ka ce ina rigar shunayyar. Na Lahadi jerinsu daban. Akwai kuma kamfanin Frew a Ostareliya, tun 1948 suke bugawa. Duba naka ka gani, sunan ƙasar da Phantom yake zaune Denkali ne ko? Indiyawa ne suka canja shi daga Bengali don kada ya yi kama da Bengal ɗinsu.

Maman Khalifa:
Ni dai Malam, kafin ka kashe kuɗin buhunan gero, ka san abin da za ka tarar. Yayana yana da irinsu, na karanta ina yarinya. Bature ɗaya a kan farin doki, kyarkeci na bin sa, shi ke raba wa ƙabilun daji rigima suna ce masa fatalwa. Da na girma abin ya riƙa yi mini ƙaiƙayi. Na zamanin mai zane Sy Barry, daga shekarun 1960, sun fi dama-dama, a nan ne ƙasar ta samu shugaba baƙar fata, likita Luaga. Zanen ma ya fi kyau a idona. Abin da ya burge ni ɗaya ne: mutane na zaton ba ya mutuwa, alhali ɗa ke gadon uba tun 1536, na yanzu shi ne na 21. Sak gidan sarauta.

Mai Kantin Gujungu:
Kuɗin aiko shi zai karya ka, littafin nauyi gare shi kuma da dala ake saye. Ka fara zagaya 'yan gwanjon littattafai na Sabon Gari in ka shiga Kano, ko ka ba wani mai dawowa daga waje sautu. Ukun nan kuma ka fitar da su daga katako yau. Adakar ƙarfe, leda, kafur, ka ɗora kan bulo nesa da bango.

Ɗan Ringim:
Malam, na duba, wallahi Denkali ne. Hajiya, na ji, amma farkon dai nake so in gani, yadda kakansu, Phantom na farko, ya yi rantsuwar yaƙar 'yan fashi a kan ƙoƙon kan ɗan fashin teku da ya kashe mahaifinsa. Baba ya sha ba mu wannan da baki, ban taɓa ganin zanensa ba. Adaka kuwa Inna ta ara mini tata ta aure, da sharaɗin in kwashe mata zannuwan zuwa wani wuri tukuna.