Wata uku ina SIWES ban taka wurin gini ba, wa zai riƙa min hannu?

Ɗalibar Gini:
Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a fannin injiniyan gine-gine, yanzu ina SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, na wata shida a wani kamfani. Mu huɗu aka ɗauka, ni kaɗai ce mace. Kullum da safe maza ukun su hau motar kamfani zuwa wurin aiki, ni kuma a bar ni a ofis da fotokofi. Da na yi magana, sai oga ya ce rana za ta dame ni, kuma leburori ba su da ladabi. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma jiya na buɗe logbuk ɗina na ga shafi bayan shafi ba abin kirki, wallahi sai da na yi hawaye. A danginmu babu injiniya ko ɗaya. Ina zan sami mace da ta bi hanyar nan ta ba ni shawara?

Anti Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Share hawayenki. Ki nemi reshen APWEN mafi kusa da ke, ƙungiyar injiniyoyi mata ce a ƙarƙashin NSE, wato ƙungiyar injiniyoyin Najeriya. Injiniya Joanna Maduka ce ta assasa ta a 1982, kuma suna jan ɗalibai a jiki. In ba ki san inda suke taro ba, tambayi ofishin NSE na jiharku.

Amma kada ki je ki ce wa mace "ki zama uwar ɗakina". Nauyin maganar zai sa ta noƙe, ga aiki ga gida. Ni da na sami tawa, da ƙaramar tambaya na je mata: zanen rodin dakin, wato rufin kankare, ne ya ɗaure min kai. Ta zaunar da ni a bayan motarta, ta ɗauki fensir ta nuna min dalilin da ya sa rodi ke zama a ƙasa a tsakiyar bim (kankaren da ke kwance tsakanin ginshiƙai), ya koma sama a kan ginshiƙi. Minti ashirin. Yau ita ce nake fara kira in abu ya cije.

Batun oganki kuwa, daina roƙon a tafi da ke haka kawai. Tambayi ranar da za a zuba kankare, ki ce kina so a ba ki cika kiyub ɗin gwaji, wato 'yan akwatunan da ake zuba samfurin kankare don gwada ƙarfinsa, ki rubuta kwanan wata a jikinsu, ki bi su ɗakin gwaji ranar fasawa ta kwana 7 da ta kwana 28. Wanda ya nemi takamaiman aiki, da wuya a hana shi. Ki zo da takalmin aikinki da hijabi madaidaici da zai zauna ƙarƙashin hular kwano, saboda dogo yana iya maƙalewa a rodi.

Baban Yara:
'Yata, ni namiji ne, na daɗe ina foman. Kada ki zauna jiran sai mace, don a Arewa ba su da yawa a wurin gini. Dattijon birkila ma zai koya miki gane yashi mai laka da tafin hannu. Ki gaishe shi da girmamawa kawai.

Lantarki 500L:
Baba, gaskiya ne, amma akwai tambayar da ba zan iya yi wa namiji ba. Yaya ake haɗa bautar ƙasa da aure? In ciki ya zo ana tsakiyar aiki fa? COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, na neman shekara huɗu na gogewa kafin rajista, kuma a daidai shekarun nan ne da yawanmu ke ɓacewa. Sai a 2024 NSE, ƙungiyar da aka kafa tun 1958, ta sami shugaba mace ta farko, Margaret Oguntala.

Ɗalibar Gini:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na tambaya, ranar Alhamis za a zuba dakin ɗin hawa na biyu. Oga ya yi shiru, sannan ya ce in zo ƙarfe bakwai. Sau nawa ake zuba kankaren a kiyub kafin ya cika, kuma da me ake daddanna shi?