Me ya sa fitar da sabon irin rake ke cin shekaru?

Manomin Fadama: Jama'a, burtuntuna ta addabi rake a yankinmu, baƙar bulala ce ke fitowa a kan kara. Me ya hana masana fitar da iri mai jure mata nan da nan?

Malamin Gona: Malam, abin ba ya gaggawa. Daga barbarar furanni zuwa sakin iri yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15. Ƙwayar rake kamar ƙura take, kuma kowace tsiro daban take bayarwa, don haka dubbai ake shukawa a yi ta tankaɗe. Waɗanda suka tsallake tankaɗen ana tsoma gaɓoɓinsu cikin ruwan ƙwayoyin cutar kafin dashe, sannan a duba gyauro, domin a can cutar ta fi tsananta. A Najeriya cibiyar binciken hatsi ta ƙasa da ke Badeggi na wannan aiki.

Baba Mai Rake: Juriyar daga raken daji ake ɗauko ta, sai dai yana rage zaƙi, dole a sake haɗawa da mai zaƙin. Haka aka samu irin raken da ake kira POJ 2878 a tsibirin Java na Indonesiya a 1921.

Malamin Gona: Kafin sabon irin ya fito, jiƙa irinka a ruwa mai zafin digiri 52 na minti 30. In zafin ya zarce, idanun za su mutu. Mai bulala kuwa, rufe ta da leda, tumɓuke gindin, ka ƙone.