Ƙananan kayan haɗa giya a gida: yaya kowa ke kashe musu ƙwayoyin cuta?

Sabon Shiga:
Ina gaishe da manya da ƙanana. Tambayata a kan ƙananan kayan aiki take, domin tukunya da babban bokiti ba su da wuyar sha'ani, hannu yana shiga cikinsu, ido kuma yana ganin ko'ina. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tarkacen da ba su wuce cikin tafin hannu ba: matoshin roba, ɗan bututun da ke fitar da iska daga mazubin da giya ke tsima a ciki ba tare da ya bar wata ta shiga ba, kan famfon bokiti, tiyon janye giya, sandar cika kwalba, marafen kwalabe, ma'aunin zafi da ma'aunin sukari na gilashi. Wasu ba sa jure wuta, wasu ba sa jure magani mai ƙarfi, wasu kuma suna da lungunan da buroshi ba ya kaiwa. Ina roƙon duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya faɗi abin da yake yi da hannunsa, da kuma abin da ya gani ya biyo baya.

Tsohon Hannu:
Ɗana, tambayarka ta taɓo wurin da yawancin giyar gida ke lalacewa. Kafin a shiga maganar magani, ka riƙe cewa wanki daban, kashe ƙwayoyi daban, kuma na biyun ba ya yiwuwa sai na farko ya kammala. Zuba magani a kan kayan da ke da ragowar yis da maiƙo kamar shafa turare ne a jikin da bai yi wanka ba. Haka kuma ba kowane abu ne ke bukatar magani ba. Duk abin da ya taɓa ruwan tsiro, wato ruwan hatsin da zai zama giya, kafin a tafasa shi, wanki ya ishe shi, tunda tafasar za ta gama da abin da ya rage. Daga lokacin da ruwan ya huce ne kowane cokali da kowane matoshi ke zama ƙofar da ɓarna za ta iya shigowa.

Abin da ya fi koya mini wannan darasi shi ne kan famfon roba. Akwai lokacin da giyata ta riƙa fita lafiya daga mazubi, amma bayan 'yan makonni a kwalba sai ta ɗauki tsami, wata siririyar yana ta bayyana a wuyan kwalbar, idan an buɗe kuma kumfa ta yi ta ambaliya har rabin abin ya zube. Bokitin fes yake, kwalaben ma haka. Da na jiƙa famfon a ruwan ɗumi har robar ta yi laushi, na zare sashen da ke juyawa daga cikin gidansa, sai na tarar da wani siririn zobe na dauɗa mai launin ƙasa a tsakanin sassan biyu, yana wari mai tsami, a wurin da ruwan magani ke wucewa ta gefensa kullum ba tare da ya taɓa shi ba. Tun daga nan duk abin da ke kwancuwa sai na kwance shi: famfo, zoben robar da ke hana yoyo, da bakin sandar cika kwalba mai ɗan sifirin a ciki. Ina jiƙa su a ruwan zafi da garin wanki marar ƙamshi, irin mai fitar da iskar oksijin, in bi su da tattausan buroshi, in ɗauraye, sannan maganar magani ta zo. Ban yarda da soson ƙarfe a kan roba ba ko kaɗan, domin kowane ƙwarzane maɓoya ce ta ƙwayoyi.

Uwar Tsafta:
Baba ya gama magana a kan wanki, ni kuma zan ɗora da abin da nake yi a ranar aiki. Ina amfani da Star San, wanda magani ne mai asid da ba a ɗauraye shi. Ana zuba kimanin mililita 1.5 a kowace lita ta ruwa, kuma minti 1 zuwa 2 ya isa idan kayan sun jiƙe sosai. Ina haɗa lita biyu kawai, in cika kwalbar feshi, ragowar kuma in juye a wani faffaɗan kwanon roba da na keɓe wa wannan aiki. Duk ƙananan kayan a cikin kwanon suke zama, daga nan nake ɗaukarsu, can kuma nake mayar da su. A ganina wannan ya fi zaɓen magani muhimmanci, domin na sha ganin mutum ya tsaftace ma'aunin zafi da kyau, ya auna, ya ajiye shi a kan tebur, bayan minti goma ya sake tsoma shi cikin giyar. Almakashin da zan yanke ledar yis da shi ma ina fesa masa, har da bakin ledar, da hannuwana.

Idan ruwan wurinku yana da yawan ma'adinai, maganin zai yi gajimare da wuri. Wanda nake so ya daɗe a kwalbar feshi da tataccen ruwa nake haɗa shi, kuma ina gwada shi da takardar auna asid. Muddin ma'aunin pH bai kai 3.5 ba, yana nan da ƙarfinsa.

Mai Tafasa:
Anti, ki yi mini haƙuri, ni dai zuciyata ba ta kwanta da kumfar da wannan magani ke bari a cikin kaya ba, ko da yake na san masu shi sun ce ba ta cutarwa. Wuta na fi amincewa da ita, saboda zafi yana ratsa inda ruwa ba ya shiga. Duk abin da yake na ƙarfe marar tsatsa ko na silikon, kamar cokali, mazurarin ƙarfe, rariya, famfon ƙarfe da aka kwance da tiyon silikon, ina tafasa shi minti 15, in bar shi cikin tukunyar a rufe har lokacin da zan bukace shi. Kwalbar da nake tayar da yis a ciki kuwa tukunyar matsin tururi nake sa ta, wadda ke kai zafi digiri 121 a ma'aunin Selsiyas, kuma minti 15 zuwa 20 a wannan zafi yana kashe har ƙwayoyin da tafasa ba ta iya musu. Sai dai wuta tana da iyaka. Bututun fitar da iska na roba yana lanƙwashewa a tafasasshen ruwa, abin janye giya mai famfo a jiki yana tsattsagewa, ma'aunin sukari na gilashi kuma yana iya fashewa ko ya daina auna daidai. Waɗannan dole in koma ga magani.

Uwar Tsafta:
Yaya, kumfar ba ta taɓa canza mini ɗanɗano ba, kuma ɗaurayewa da ruwan famfo ita ce ke mayar da ƙwayoyin da aka kore. Ina dai girgiza kayan su tsane kafin in yi amfani da su.

Ɗalibin Kimiyya:
Da izinin manya, ina so in yi magana a kan bilic, ruwan wanki mai sinadarin kulorin, domin shi ne maganin da ke kusa da hannun kowa, kuma shi na fara amfani da shi. Yana aiki ƙwarai: kimanin mililita 4 a lita ɗaya ta ruwan sanyi, a jiƙa kayan minti 20. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, dole a ɗauraye shi sarai da ruwan da aka tafasa ya huce, domin ko ɗan ragowar kulorin ya haɗu da wasu sinadaran da ke cikin giya, sai ya haifar da wani ɗanɗano mai kama da warin magani, wanda harshe ke ganewa ko da kaɗan ne ƙwarai, kuma ajiya ba ta gusar da shi. Matoshin roba ya fi komai riƙe wannan wari. Na taɓa shinshina wanda ya kwana a bilic bayan an ɗauraye shi da kyau, warin yana nan daram. Ta biyu, kulorin yana cin ƙarfe marar tsatsa, ya bar masa ƙananan ramuka idan an daɗe da jiƙawa. Ina kuma roƙon kowa da babbar murya, kada a haɗa bilic da wani abu mai asid, ko khal ne ko Star San, domin iskar kulorin da ke tashi tana iya illata huhu.

Yanzu na koma maganin aidin da ake yi don kayan abinci. Idan an sirka shi zuwa kashi 12.5 cikin miliyan, minti 2 ya isa, ba a ɗaurayewa, a bar kayan su tsane kawai. Abin da nake so game da shi shi ne launinsa yana faɗa maka gaskiya: idan ruwan ya koɗe daga launin shayi marar kauri ya koma fari, ƙarfinsa ya tafi. Aibinsa kuma yana rina tiyo da farar roba, ko da yake rinin bai hana su aiki ba. Don abubuwa irin su bakin kwalba da tsinken ma'aunin zafi, ina fesa barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, wadda ta fi tsantsar barasa kashe ƙwayoyi saboda ruwan da ke cikinta yana taimaka mata ta ratsa su, kuma ba ta bushewa nan take. A nisanta ta da murhu, a kuma jira ta bushe.

Mai Inabi:
Ni ruwan inabi da na tuffa nake tsimawa, kuma a ɓangarenmu garin metabaisalfait, wani sinadari da ake narkarwa a ruwa don kashe ƙwayoyi, muka saba da shi. Ina ajiye matosai da bututun iska a cikin kwalba mai murfi da ɗan ruwan maganin a ƙasa, tururinsa yana tsare su. Bai kai Star San ko aidin ƙarfi ba, shi ya sa ban ba mai giyar hatsi shawarar dogaro da shi kaɗai ba, tunda giyar hatsi ba ta da tsami da yawan barasar da ke kare ruwan inabi. Mai ciwon asma ya yi nesa da tururinsa. Wani abu kuma da ban ji an ambata ba shi ne ruwan da ake zubawa cikin bututun iska. Idan mazubi ya yi sanyi da dare, iskar ciki tana tsukewa ta zuƙo wannan ruwa zuwa cikin giya, na kuma sha tarar da ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace sun mutu a cikinsa, su ne kuwa ke yawo da ƙwayoyin da ke mayar da giya khal. Saboda haka ruwan magani nake zubawa a ciki, ko barasar sha mai ƙarfi marar ƙamshi, in rufe da ɗan murfinsa mai huji.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Saura marafen kwalabe da tiyo. Tiyona ya fara yin duhu a ciki, kuma jiƙawa ba ta fitar da shi ba.

Tsohon Hannu:
Marafe ba su da wahala, ɗana. Ka ƙirga adadin da kake bukata, ka ƙara kaɗan, ka tsoma su a magani minti biyu kafin ka fara rufewa. Kada ka tafasa su, zafi yana ɓata robar da ke ciki. Waɗanda aka yi su don tsotse iskar oksijin kuwa, danshi ne ke tayar da aikinsu, don haka wanda ya jiƙe ba a mayar da shi ajiya.

Tiyon da ya yi duhu ka yar da shi, ka sayi sabo. Abin da kake gani a ciki ƙwayoyi ne da suka manne suka lulluɓe kansu da wani yauƙi, kuma magani samansu kawai yake shafa. Sabon kuma ka kiyaye shi tun daga ranar farko: da zarar ka gama janye giya, kafin ka yi komai, ka tura ruwan ɗumi ta cikinsa, ka ja dogon buroshin tiyo ko ɗan ƙyalle da zare daga wannan baki zuwa wancan, ka rataye shi bakunansa biyu suna kallon ƙasa har ya bushe, domin tiyon da aka naɗe da danshi a ciki shi ne ke yin baƙin ɗigo. Ranar aiki ka tabbata maganin ya cika cikinsa ba tare da iska ta tsaya a wani lanƙwasa ba, amma kada ka bar shi ya kwana a maganin asid, robar takan yi fari ta yi santsi. Kada kuma ka ja giya da baki, saboda bakin mutum cike yake da irin ƙwayoyin da ke sa tsami. Ka cika tiyon da ruwan magani, ka toshe bakinsa da yatsa mai tsafta, ka tsoma ɗaya bakin a giyar, sannan ka saki ruwan farko a wani kofi har giya ta biyo baya.

Uwar Tsafta:
Ƙari ɗaya a kan maganar Baba: tiyon da ya taɓa giyar da ta lalace, ko wadda aka tsima da gangan don ta yi tsami, a ɗaura masa alama a ware shi tare da famfo da matoshin da suka yi aiki tare da shi, kada su sake haɗuwa da sauran kayan.