Kowane zafin ƙirji olsa ne? Tambaya kan ƙwarnafi da kumburin ciki

Baban Iman, Kurna:
Assalamu alaikum. A Kano yanzu da wuya ka zauna a majalisa ba a samu mai cewa yana da olsa ba. Wani ƙirjinsa ke zafi, wani ciki ke kumbura masa ko ya ci loma biyu. Da gaske abin ya yi yawa haka a tsakanin manya, ko dai kowane ciwon ciki ne muke kira olsa? Kuma yaushe maganin kemis ya isa, yaushe ya kamata a je asibiti?

Malam Na Gwale:
Wa alaikumus salam. Yawan da gaske ne: a duniya kusan baligi ɗaya cikin biyar na fama da rashin narkewar abinci. Amma abu uku muke haɗawa a suna ɗaya.

Ƙwarnafi shi ne ruwan asid na tumbi ya hauro bututun abinci. A mahaɗarsu akwai tsoka kamar zobe da ke tsukewa bayan abinci ya wuce. In ta saki, sai a ji zafi a tsakiyar ƙirji da tsami a maƙogwaro, musamman in an kwanta ko an sunkuya. Rashin narkewar abinci kuwa a kahon zuci yake: nauyi, saurin ƙoshi, yawan gyatsa. Gyambon ciki, wato olsa ta gaskiya, rauni ne a bangon tumbi ko farkon hanji, kuma sai an zura na'ura mai kyamara ta baki ake tabbatar da shi. Mafi yawan waɗanda aka duba da na'urar ba a samun gyambo.

Manyan masu haddasa gyambon biyu ne, kuma yunwa ba ta cikinsu, yaji ma ba ya ciki, sai dai su tayar da zafin. Na farko ƙwayar cutar H. pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, a nan Najeriya ma ta fi haka yawa. Na biyu magungunan ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, piroxicam, asfirin. Wannan "haɗin gajiya" da 'yan dako da masu Adaidaita ke saya kullum da yamma, sau da yawa biyu ko uku daga cikinsu ne a ƙulli ɗaya. Shi ya fi tayar min da hankali, don yana iya jawo zubar jini ba tare da wani gargaɗi ba.

Maman Sadiq, Tarauni:
Malam ya yi bayani, Allah Ya ƙara sani. Bari in ƙara kan shan magani, don nan ake yawan kuskure.

Omeprazole, maganin da ke rage asid ɗin tumbi, ba maganin take-yanke ba ne. Ana shan 20mg sau ɗaya a rana, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, don ya riski tumbi daidai lokacin da zai fara zubo asid. Cikakken aikinsa sai bayan kwana uku zuwa biyar. Wanda ya haɗiye shi bayan tuwon dare don ƙirji ya ɗau zafi, sai ya ce jabu ne, alhali lokacin ne bai dace ba. In an yi mako biyu ba sauƙi, a ga likita, kada a mayar da shi goro. Da azumi, a sha kafin sahur da rabin awa.

Na ruwa irin Gestid da Gaviscon su ne masu kashe zafi nan take, amma na ɗan lokaci. A ba da tazarar aƙalla awa biyu tsakaninsu da ciprofloxacin, tetracycline ko maganin ƙarin jini, domin suna hana su shiga jiki. Jiƙon kanwa kuma don Allah a bar shi, gishirinta ya yi yawa ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda. Madara tana sanyaya ciki na 'yan mintuna, daga baya ta sa asid ya ƙaru.

Sai kwanciya. A bar awa uku tsakanin abincin dare da barci. Indomi da ƙwai a teburin mai shayi ƙarfe sha ɗaya, a wuce gado, ai gayyato ƙwarnafi ne. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo ko katako santimita 15 zuwa 20, a kwanta ta gefen hagu. Tara matashin kai ba ya yi, lanƙwasa ciki yake. A rage goro, taba, lemon kwalba da soye-soye, mai teɓa kuma ya rage ta.

Abu Hanif, Sabon Titi:
Hajiya, a ƙara da gwaji. Na jini da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna an taɓa haɗuwa da H. pylori ne kawai, ko an warke zai iya ci gaba da nunawa. Na bayan gida ko na numfashi ya fi. Kafin a yi, a dakatar da omeprazole mako biyu, magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, in ba haka ba sakamako zai iya cewa babu alhali akwai. In an samu, likita kan haɗa magani uku ko huɗu na kwana 14. Yankewa a kwana biyar don an ji sauƙi shi ke sa ƙwayar ta daina jin magani. Bayan wata ɗaya da gamawa a sake gwaji.

Baban Iman, ga waɗanda ba a zuwa kemis da su: aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, abinci na maƙalewa, rama ba dalili, ko ciwon ya fara bayan shekara 55. Waɗannan sai asibiti, kuma ana duban ciki da na'urar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kuwa zafin ƙirjin ya zo da gumi, numfashi sama-sama, yana tafiya hannun hagu ko haɓa, a ɗauka zuciya ce, a wuce sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne.