Kuɗin jinyar tsufa, ta ina ake fara tanadi?

Maman Biyu
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Shekara uku kenan muna jinyar babanmu tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma abin mamaki ba magani ne ya cinye mu ba, mai kula da shi ne. Sai an ɗaga shi an kwantar, a yi masa wanka, cikin dare a tashi a juya shi kar bayansa ya yi gyambo, ga famfas na manya kullum, ƙanwata har aikinta ta ajiye. Fanshonsa ko rabin wata baya kai mu. Ni yanzu shekarata 44 kuma wallahi bana so in ɗora wa yarana irin wannan, to ta ina zan fara?

Dattijo Mai Ritaya
Allah ya ba Baba lafiya, ya ba ku ladan jinya. 'Yata ki fara gane cewa kuɗin asibiti daban, kuɗin kula daban, inshorar lafiya yawanci likita da magani da tiyata take biya, bata biyan wanda zai yi maka wanka shekara biyar. Ko a Amurka tsarinsu na Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, baya ɗaukar wannan, sai mutum ya kusa ƙarar da abin hannunsa sannan Medicaid, tallafin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, ta shigo. Jamus ta ware inshorar kula ta dole a 1995, Japan ta bi a 2000 kuma su tun daga shekara 40 ake fara cirewa, kin ga ke har kin wuce layin da suka ja. In za ki sayi irin wannan inshorar ki karanta sharuɗɗan da kyau, yawanci abu shida suke dubawa: wanka, sa kaya, cin abinci, zuwa banɗaki, tashi daga gado, riƙe fitsari da bahaya, sai kin kasa biyu suke fara biya, wasu ma sai bayan kwana 90. Kuma in ciwo ya riga ya kama mutum ƙin karɓarsa suke ko su tsuga kuɗi.

Akawu
Aunty ke kina da abin da mu bamu da shi, lissafi na gaske a hannu. Ki haɗa duk abin da kuke kashe wa Baba a wata, har albashin da ƙanwarki ta rasa don shi ma asara ce, ki ninka sau 36, wato watannin shekara uku, ki ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci. Sai matsalar hauhawar farashi, akwai wata dabara: raba 72 da adadin hauhawar, in kashi 12 ne a shekara to duk shekara 6 farashi ya ninka, shekara 24 kenan ya ninka sau 16. Shi ya sa zuba tsabar kuɗi a asusu a bar su kwance ba tanadi bane, narkewa suke. A raba ƙafa, wani a hannun jari, wani a kadarar da ke kawo haya, kaɗan kuma a inda za a iya cirowa yau yau, don ranar da ciwo ya zo ba ranar neman mai sayen fili bace, a wulaƙance zaki sayar.

Baban Yara
Ni fa gani nake in ka tarbiyyantar da yaranka ka ba su ilimi ai ka gama tanadi, su za su riƙe ka.

Uwar Gida
Baban Yara ai su Maman Biyu ma 'ya'ya ne kuma suna riƙewa, ka dai ji yadda suke ji a jikinsu. Ni surukata ciwon mantuwa ta yi, ga kuɗinta a banki amma ta manta lambar sirrin katin, sa hannunta ma ya canza, wata da watanni muna zirga-zirga kafin a taɓa ko sisi. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tace masu wannan ciwon sun haura miliyan 55 a duniya, kuma mu mata mun fi yawa a ciki ga shi mun fi maza daɗewa, sau da yawa ke zaki yi jinyar maigida da ɗan abin da kuka tara sannan naki ya zo babu komai. Ki je wurin lauya tun da hankalinki, a rubuta wanda kika wakilta ya taɓa kuɗinki in kin kasa, ki tabbatar takardar irin wadda take aiki ko bayan hankali ya gushe ce, don ba kowacce ba.

Maman Biyu
Nagode sosai, daren jiya na yi lissafin Akawu sai da na ajiye biro na sha ruwa. Uwar Gida ita takardar mutum ɗaya ake sawa ko zan iya haɗa yaran biyu? Babban yana da ɗan sakin hannu.